Yadda waƙa ta kuɓuce daga bakin jama'a, da yadda ta dawo

A makon Ista na shekara ta 386, sojoji suka kewaye wata majami'a a birnin Milan na ƙasar Italiya. Sarkin Roma na yamma a lokacin, Balentiniyan na biyu, yaro ne matashi, mahaifiyarsa Yustina ce ke juya mulki. Ita kuwa tana bin koyarwar Ariyus, wadda ta ce Ɗan Allah halitta ne, ba daidai yake da Uba ba, ta kuma nace sai an ba mutanenta majami'a ɗaya. Bishof Ambros ya ƙi. Masu bi suka shiga ginin suka zauna dare da rana, ba wanda ya san ko zai fita da rai.

Me za a yi da ɗaruruwan mutane masu tsoro a cikin ɗaki ɗaya? Ambros ya sa su waƙa. Agustin, wanda a lokacin bai karɓi baftisma ba tukuna, ya rubuta daga baya cewa mahaifiyarsa Monika tana cikin waɗanda suka kwana a wurin, kuma a lokacin ne aka soma rera zabura da waƙoƙi irin na ikkilisiyoyin gabas, domin kada baƙin ciki ya karya zuciyar jama'a. Waƙoƙin Ambros gajeru ne: baiti takwas, kowane baiti layi huɗu, kowane layi gaɓa takwas. Mai sayar da kifi zai iya riƙe su daga ji biyu. A cikinsu ya zuba koyarwar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, har abokan gaba suka zarge shi da yi wa mutane sihiri da waƙa. Bai musa ba. A ƙarshe fada ta janye sojojinta.

Amma a wannan ƙarni na huɗu ɗin, wani taron shugabannin ikkilisiya a Lawudikiya ya kafa doka cewa mawaƙan da aka naɗa ne kaɗai za su rera waƙa a majami'a. Mai yiwuwa niyyarsu tsari ne da hana waƙoƙin ɓata. Ba wannan doka kaɗai ta rufe bakin jama'a ba, abin a hankali ya faru. A yammacin Turai sujada ta tsaya a harshen Latin, harshen kasuwa da na gida kuwa ya yi ta canzawa har talaka ya daina gane abin da ake faɗa. Waƙar ta ƙara kyau, ta kuma ƙara wuya, sai wanda ya yi shekaru yana koyo ke iya ta. Mutane ba su daina waƙa gaba ɗaya ba, suna da nasu a harshensu lokacin Kirsimati da Ista da tafiyar ziyara. Sai dai a tsakiyar sujadar Lahadi, aikinsu ya koma kallo da sauraro.

Ranar 1 ga Yuli 1523 aka ƙone wasu matasa biyu, 'yan zuhudu, a dandalin birnin Burasels saboda sun ƙi janye koyarwar da suka karɓa daga Martin Luta. Da labari ya kai Witenbag, Luta ya rubuta waƙarsa ta fari a kansu. A ƙarshen shekarar ya rubuta wa abokinsa Spalatin yana neman masu iya mayar da Zabura waƙa a Jamusanci, ya kuma ja kunne cewa a guji kalmomin fada da na burga, a yi amfani da maganar da kowa ke ganewa. A 1524 ƙaramin littafin waƙoƙi ya fito, waƙa takwas kacal a ciki, huɗu na Luta. Dalilinsa na tauhidi ne: idan dukan masu bi firistoci ne, kamar yadda 1 Bitrus sura 2 ta koyar, to ba wanda zai miƙa hadayar yabo a madadin wani.

Muna yawan ba da wannan labari kamar dai washegari dukan Jamus ta ɓarke da waƙa. Ba haka aka yi ba. A Witenbag kanta Luta ya sha yi wa jama'arsa faɗa daga kan bagade don sun ƙi koyon sababbin waƙoƙin. Mutumin da kakanninsa suka saba yin shiru a majami'a ba ya buɗe baki don an miƙa masa littafi. A Zurik ma, Zwingli, wanda shi kansa gwanin kiɗa ne, ya cire waƙa daga sujada, ba ta dawo ba sai 1598.

Jeniba ce ta samo hanyar da ta fi shafarmu a wannan zumunta. A Janairu 1537 Farel da Yohanna Kalbin suka kai wa majalisar birnin takarda, suna cewa addu'o'in jama'a sun yi sanyi har abin kunya, maganin kuwa shi ne rera Zabura tare. Sun san manya ba su iya ba. Sai suka ba da shawara a fara koya wa yara, su rera da murya a fili a lokacin sujada, jama'a na saurare suna bi a zuci, har kowa ya saba ya shiga. Aka ɗauki malaman waƙa don yaran makaranta. Aikin ya ci shekara ashirin da biyar: sai a 1562 aka kammala dukan Zabura 150 a Faransanci da muryoyinsu. Murya ɗaya kowa ke bi, ba kayan kiɗa. Ba sai mun yarda da Kalbin a kan kayan kiɗa ba, Zabura 150 kanta ta ishe mu amsa. Amma mu lura da aikin da aka ba yaran nan. An koya musu waƙa ne domin iyayensu su iya.

Da bishara ta iso ƙasarmu, masu mishan suka fassara waƙoƙin Ingila da Amurka zuwa Hausa, su ne da yawa daga cikin abin da ke Littafin Waƙoƙi. Mun gode wa Allah dominsu, sun rene mu. Duk da haka Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, da dogon wasali da gajere, muryar baƙuwar waƙa kuwa takan ja kalma inda ba ta saba zuwa ba. Iyayenmu na zumuntar mata su ne suka yi mana aikin Ambros: mai bayarwa ta ɗaga, kowa ya amsa, ga tulu ga gora, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba ta haddace labarin Yusufu da na ɗa mubazzari. 'Yan Sabon Rai ma haka suka bi ƙauyuka.

Yanzu mu dubi Lahadinmu, 'yan'uwa. Babu dokar Lawudikiya a kanmu, babu Latin. Amma akwai lasifikar da ke hana mutum jin muryar wanda ke kusa da shi, har tasa ma. Akwai waƙar da aka ɗauko daga YouTube ranar Alhamis, aka rera ranar Lahadi, ba a sake jin ta ba. Akwai muryar da mai jagora ya ɗaga inda shi kaɗai ke kaiwa, da Turancin da ya bar layin iyaye mata a tsaye suna tafi kawai. Mu fastoci ma muna da hannu, domin mukan yaba wa mawaƙa in sun burge, ba ma tambaya ko jama'a sun rera. Kolosiyawa 3:16 ta ɗora koyar da juna ta wurin waƙa a kan dukan ikkilisiya. Yaron da ya tashi yana kallo kawai, ran da ya kwanta a asibiti ko ya kwana a ɓoye saboda tashin hankali, wace waƙa zai samu a bakinsa?

Ga abin da muke roƙon zumuntar matasa a wannan wata uku. Ku zaɓi waƙoƙi shida, uku daga Littafin Waƙoƙi, uku daga na iyayenmu mata, ku je wurinsu su koya muku yadda suke rera su. Ku haddace dukan baitocin. Ranar Lahadi huɗu ko biyar su tsaya gaba, sauran ku rarrabu cikin kujeru, kusa da dattawa da yaran makarantar Lahadi. Mai kula da na'ura ya rage ƙara, mai kibod ya sauko da murya. A baiti na ƙarshe kuma masu kiɗa su ɗaga hannu gaba ɗaya, a bar jama'a su ƙarasa.