Wanda Ya Ƙi Mutuwa, Ya Zama Bulalar Marubuta

Tun zamanin da ake rubutu a kan allunan laka, mutane ke ba da labarin wanda ya nemi tsere wa ajali. Gilgamesh, sarkin Uruk a ƙasar Iraƙi ta yau, ya nutsa cikin teku ya tsinko ganyen da ke mayar da tsoho yaro, maciji ya sace ganyen lokacin da sarkin yake wanka. Girkawa kuma suna da Tithonus. Allahiyar asuba ta roƙa masa rai na har abada, ta manta ba ta roƙa masa ƙuruciya ba, sai ya yi ta tsufa yana yamushewa ba ranar hutu. Waɗannan labarai jan kunne ne, babu dariya a cikinsu.

Jonathan Swift, limamin coci a Dublin, yana cikin waɗanda suka mayar da su abin zambo. A littafinsa na tafiye-tafiyen Gulliver, na 1726, matafiyin ya isa tsibirin Luggnagg, inda jefi-jefi ake haihuwar jariri da jan tabo a saman girar hagu, alamar ba zai mutu ba. Gulliver ya hau murna, yana lissafin dukiya da ilimin da zai tara da shi ne. Sai aka kawo masa wasu daga cikin marasa mutuwar ya gan su. Da sun cika shekara 80, doka ta ɗauke su matattu, magada su raba gado. A 90 haƙori da gashi sun zube. Bayan shekara 200 harshen gari ya sauya, ko hira da maƙwabta ta gagara. A wannan sashe dai Swift ya sa aka tayar wa Gulliver matattun sarakuna, Iskandari Mai Girma ya faɗa da bakinsa cewa zazzaɓin yawan shan giya ne ya kashe shi, babu wanda ya sa masa guba. A ganina nan dabarar ta samo asali: mai rubuta tarihi yana ƙarya ne don shaidu sun kwanta dama, to a kawo shaidan da ya ƙi kwanciya.

Misirawa sun bi da ita ta wata hanya. Daga 1898 Muhammad al-Muwailihi ya riƙa buga Hadisu Isa bin Hisham kashi-kashi a jaridar Misbahus Sharƙ, ya fito a littafi a 1907. Salon maƙama ya ara, irin wanda duk almajirin da ya yi Hariri a zaure zai gane nan take. A labarin, wani Basha na zamanin Muhammadu Ali, mai mulkin Masar na da, ya fito daga kabari, ya tarar da Alƙahira a hannun Ingila. Bai yi nisa ba rigima ta haɗa shi da mai jakin haya, aka ja shi ofishin 'yan sanda, daga nan sai kotu bayan kotu, yana ta faɗin sarautarsa babu mai saurare. Muwailihi bai raga wa kowa ba: lauyoyi da masu kwaikwayon Turawa sun sha, shi ma Bashan da girman kansa ya sha.

A Ingila, marubuciya Virginia Woolf ta ƙara gishiri a 1928 da Orlando, wanda ta shirya kamar tarihin rayuwar wani babban mutum, har da hotuna da fihirisa, don tsokanar masu irin wannan rubutu. Orlando ya taso a zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, ya haura shekara 300 amma bai wuce 36 ba. Yana jakadanci a Santambul ya yi barcin kwana bakwai, ya farka mace. Da ta koma Ingila aka maka ta a kotu kan gidajenta, bisa zargin cewa ta mutu, saboda haka ba ta da ikon mallaka, da kuma cewa mace ce, wanda a dokar lokacin kusan duk ɗaya ne. Shari'ar ta ci kusan ƙarni guda, kuɗin lauyoyi suka lamushe yawancin dukiyar.