Tarihin Land Rover, Motar Da Mai Ita Ke Iya Gyarawa Da Hannunsa

Yau zan ɗan taɓo tarihin Land Rover, wadda iyayenmu ke kira Landiroba, saboda yadda nake ganin ana sayar wa 'yan gwangwan da tsofaffinta a kan kilo, su yanka jikin a narke a yi tukwane. Ina ganin duk wanda ya san yadda aka yi motar nan ba zai yi gaggawar rabuwa da ita ba.

Asalinta ƙasar Ingila ne. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙarfe ya yi wuya, gwamnati kuma ta fi ba da shi ga kamfanin da ke fitar da kaya waje. Sai wani injiniyan kamfanin Rover mai suna Maurice Wilks, wanda ke amfani da tsohuwar Jeep ta sojan Amurka a gonarsa, ya kawo shawarar a ƙera motar manoma mai jan ƙafa huɗu. A watan Afrilu na 1948 aka nuna ta a bikin baje kolin motoci na Amsterdam. Saboda ƙarancin ƙarfen nan aka yi jikinta da alminiyon, aka bar shasi na ƙarfe. Ku riƙe wannan, domin shi ne tushen duk wani gyaranta.

A 1958 aka fito da Series II mai injin fetur lita 2.25, sannan Series III a 1971. Iri biyu aka fi yi, gajera mai inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya, da doguwa mai inci 109. A ƙasar nan ita ce motar rangadin Di'o, da 'yan sanda, da malaman gona, da ma'aikatan asibiti. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Leyland ya kafa masana'anta a nan Ibadan inda aka riƙa harhaɗa ta, kamar yadda Peugeot ke yi a Kaduna tun 1975. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira ta faɗi, masana'antun suka durƙushe, motocin tokunbo suka cika gari. A ɗaya ɓangaren kuma Land Cruiser ta Toyota ta ƙwace mata kasuwa. Amma har yau in ka je Idanre ta jihar Ondo, ko tsaunin Mambila, za ka ga tsofaffinta suna hawa da kaya da mutane.

To me ya sa suka rayu? Amsar ita ce an yi su ne don mai su ya iya kwancewa da sifana. Mahaifina ɗan kasuwar goro ne a Sabo, kuma da doguwar Series III yake shiga ƙauyuka ɗauko kaya da damina. Da ta tsufa ta yi shekaru a ajiye, 'yan gwangwan suka yi ta zarya suna tayawa. Ni na roƙi Baba ya bar mini ita, na kuwa tashe ta sannu a hankali, ba tare da na taɓa zama yaron gareji ba.

Ga abin da aikin ya nuna mini. Na farko, kada kyan bodi ya ruɗe ka, alminiyon ba ya tsatsa amma shasi yana yi. Ka shiga ƙarƙashi da guduma ka ƙwanƙwasa, musamman ƙarfen baya da inda sifirin ke kamawa, da wurin ajiye ƙafar direba. Inda ya ruɓe sai mai walda ya yanke ya sa sabon ƙarfe, faci a kan tsatsa ɓarnar kuɗi ne. A kurmi ruwan sama ya fi na Arewa, don haka bayan kowace tafiyar daji a wanke laka daga ƙasa.

Na biyu, mai. Ban da baƙin man inji, akwai man giya a akwatin giya, da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, da aksil biyu, da ƙwallayen da tayoyin gaba ke juyawa a kansu. Motar tana yawan ɗigo, saboda haka a riƙa dubawa. Na uku, sanda mai jan kai ta ƙaramar giya ce, mai rawayan kai kuma ita ke sa ƙafa huɗu. Kada a sa ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, yana wahalar da giya. Kafireto da fulogi da birki duk abin koyo ne a tsakar gida. Kayan gyara kuwa ana nemansu a Ladipo ta Legas, kuma yawancin na Series IIA suna shiga Series III.

A Janairun 2016 aka daina ƙera tsohuwar Defender, jikar waɗannan motoci. Sabuwar da ta fito bayanta cike take da kwamfuta, sai an jona mata na'ura kafin a gane ciwonta. Kun ga ke nan waɗanda suka rage ba za a ƙara yin irinsu ba, kuma duk wadda aka narke ta tafi har abada. Wanda ke da ita a gida, ya duba shasinta kafin ya saurari mai sikeli.

Allah ya kiyaye mu a hanya, ya sa albarka a neman da ya kawo mu kurmi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.