Daga Magazin zuwa allon kwamfuta: tarihin da ya shafi 'ya'yanmu

Duk wanda ya tashi a zangon Kumasi ya san amon Suame tun kafin ya san girmanta: ƙarar guduma a kan ƙarfe, tartsatsin walda, da ƙaurin baƙin mai. Sunan Magazin kansa gadon zamanin Turawa ne. A shekarun 1930 maƙera da masu gyaran mota suka fara taruwa kusa da tsohon ɗakin ajiyar makaman soja, wanda Turawa ke kira magazin. Da aka mayar da su Suame daga baya, a bakin hanyar da ta nufi arewa, sai suka tafi da sunan. Yau ana lissafa wurin cikin manyan matattarar masu sana'ar hannu a Afirka, kuma akan ce mutanen da ke cin abinci a cikinsa sun kai 200,000.

Kakanninmu fataucin goro ne ya kawo su ƙasar nan, ta Salaga da sauran kasuwannin Gwanja, kuma zangon Kumasi ya bunƙasa bayan yaƙin 1900. Da mota ta karɓi aikin jaki, sai 'ya'yansu suka bi ta: wasu direbobi, wasu fitoci, wasu masu sayar da kayan gyara da tsohon ƙarfe. Abin da ya riƙe Magazin tun farko shi ne kowane inji ana iya kwance shi. Yaro ya shekara uku ko fiye a gaban maigidansa yana kwancewa yana ɗaurawa, har hannunsa ya san abin da littafi bai faɗa masa ba.

Ilimin jami'a ma ya taɓa shigowa ta wannan ƙofa. A 1972 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wadda ke ɗauke da sunan Kwame Nkrumah, ta kafa cibiyar ba da shawara kan fasaha. A 1980 cibiyar ta buɗe reshe a tsakiyar Magazin, inda aka ajiye injunan sassaƙa ƙarfe, aka kuma koya wa masu sana'a narka ƙarfe da zuba shi. Daga nan aka fara ƙera faifan injin niƙa a Suame, kuma a 1987 gwamnati ta kafa GRATIS domin kai irin wannan aiki sauran jihohi. Fasahar ta zauna ne saboda an sa ta a hannun masu aiki, sun taɓa, sun ɓata, sun gyara.

Sai zamani ya juya. Tun daga 1996 dokar Amurka ta tilasta wa kowace ƙaramar mota da za a sayar a can ta zo da soket mai ramuka 16, wanda ta nan ake karanta abin da kwamfutar mota ta rubuta game da ciwonta. Motocin da ake saukewa a Tema yanzu da yawansu irin waɗannan ne. Kwamfuta ce ke auna iska da mai, ita ke ba da wuta, ita ke kunna fitilar gargaɗi. Fitan da ke gane ciwon inji da kunne ya wayi gari yana jiran wani yaro mai na'ura ya zo ya karanta masa lamba, a raba kuɗin aiki da shi.

Irin wannan damuwa ta taɓa kama malaman jami'ar Kambrij a Ingila. Sun lura ɗaliban da ke zuwa karatun kwamfuta sun iya amfani da ita amma ba su san cikinta ba, saɓanin waɗanda suka tashi da BBC Micro ta 1981, wadda yaro ke rubuta wa umarni da hannunsa. Eben Upton da abokan aikinsa suka yi niyyar ƙera kwamfutar da arharta za ta sa uba ya bar ɗansa ya yi wasa da ita ba tare da fargaba ba. Ranar 29 ga Fabrairu 2012 aka fara sayar da Raspberry Pi a kan dala 35. A 2015 aka fito da ƙaramarta, Zero, a kan dala 5, sannan a 2021 aka kawo Pico a kan dala 4, wadda aikinta sarrafa fitila da mota da na'urorin awo.

Kwamfutar gaba ɗayanta allo ɗaya ce, girman katin banki. Ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da ramukan USB duk a kansa suke, ba murfi. Manhajarta daga Linux take, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce kuma kowa na iya karanta rubutunta ya sauya. A ƙaramin katin memori take zama. In ta lalace a goge a sake zubawa. A gefen allon akwai ƙusoshi 40 da ake ɗaura wa waya, ta nan yake jin zafi ko motsi, ta nan yake ba da umarni. Wanda ya fahimci yadda waɗannan ƙusoshi ke aiki ya kama hanyar fahimtar kwamfutar mota, domin ita ma abin da take yi ke nan: ta saurari na'urar awo, ta yi lissafi, ta ba da umarni.

Kada mu ruɗi kanmu. Allon kaɗai ba ya aiki sai da caja mai kyau da kati da madannai da talabijin ko makamancinsa, kuma kuɗin waɗannan kan zarce na allon. Ɗaukewar wuta na iya lalata abin da ke kan katin, ƙura da zafi kuma abokan gabansa ne. Ƙaramar na'urar da ake haɗa shi da mota tana karanta lambobin da duk motoci suka yi tarayya a kai, amma kamfanoni na riƙe da wasu nasu da sai na'ura mai tsada. Amfaninsa na gaskiya a koyo yake.

Mu kuwa mun san darajar allo. Da shi aka fara mana karatu, a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. Makarantun Islamiyya na zango suna da ɗakuna da ke zama a rufe bayan an tashi, ƙungiyoyin matasanmu suna da asusu, cikinmu kuma akwai waɗanda suka yi karatun kwamfuta a jami'a. Allo biyar, malami ɗaya, da maigidan gareji da zai saki yaransa yammaci ɗaya a mako sun isa a fara, kuma a sa 'yan mata a ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan muka bari, 'ya'yanmu za su ci gaba da auna tsohon ƙarfe a sikeli, wasu kuma su riƙe na'urar da ke yanke kuɗin aiki.

Allah Ya albarkaci sana'o'inmu, Ya buɗa wa yaranmu basira.