Babba Da Yaro A Filin Sukuwa: Waiwaye Cikin Tarihi

Duk lokacin da aka yi Sallah ko wani babban biki, aka fito da 'yan dawakin da muke da su a nan Kudu, aka ce matasa su ɗan taɓa sukuwa, da wuya a watse ba a bar baya da ƙura ba. Iyayen yara su ce, ina adalci a jera magidanci mai gemu da yaro ɗan shekara 12 a layi ɗaya, wai su yi tsere a kan kyauta ɗaya? Su kuma manyan mahaya su ce ai mu ake cuta, domin yaro ba shi da nauyi, doki na ɗauke da shi kamar bai ɗauki kowa ba. To, da yake dawakin namu ba su taka kara sun karya ba, in iyaye suka janye 'ya'yansu, masu dawaki kuma suka yi fushi, shi ke nan hawan doki ya mutu a hannunmu. Shi ya sa na ga ya kamata mu waiwaya baya, mu ga yadda magabata da sauran al'ummu suka warware wannan gardama, domin ta daɗe a duniya.

Bari mu fara daga Madina. Ya zo a cikin Bukhari da Muslim, ta hanyar Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tseren dawaki, ya kuma raba su gida biyu. Waɗanda aka yi wa horo na musamman, wato aka ciyar da su suka yi ƙiba sannan aka rage musu abinci, aka riƙa lulluɓe su suna gumi har tsokarsu ta ɗaure, su aka sa suka taso daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil 5 ko 6. Waɗanda ba su sami wannan horo ba kuwa, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ kawai suka yi, kamar mil 1. Shi Abdullahi yana cikin mahayan, kuma saurayi ne, domin shekararsa 14 a ranar Uhudu aka mayar da shi gida saboda ƙuruciya, sai a Handaƙ yana da 15 aka yarda ya fita. Wata ruwayar ma ta nuna dokinsa ya tsallake katanga da shi. Kun ga ke nan tun a wancan zamani an raba masu tsere aji-aji, kuma ƙarfin doki aka fara dubawa.

Malamanmu na Malikiyya ma ba su bar zancen ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, littafin da har gobe ake karantawa a zaurukanmu, akwai babin tsere daf da babin jihadi. A nan aka nuna cewa ba a so a ɗora yaro a kan dabbar tsere in an sa kyauta, masu sharhi kuma suka ce karhancin ya haɗa da tseren yaro da yaro, da na yaro da baligi. Dalilin ai a fili yake, tsoron kada yaro ya faɗo ya illata. Haka kuma an hana masu tsere biyu kowa ya ajiye kuɗinsa wanda ya ci ya kwashe, domin ya zama caca. Amma in wani ne can daban ya sa kyautar, kamar sarki ko attajiri, babu laifi.

A ƙasar Hausa kuwa, yaro ba ya wayar gari ya tsinci kansa a filin sukuwa. Da dokin kara yake farawa, ya koma jaki, sannan ya shiga barga yana yankan ciyawa, yana kai harawa da dusa, yana jiƙa kanwa. Daga nan a fara ba shi doki ya kai shi rafi shan ruwa, sai kilisa da yamma a bayan ubangidansa. Kafin a bar shi ya saki linzami a gaban jama'a, Shamaki ko wani babban ɗan barga ya riga ya ga zamansa a sirdi, ya ga yadda yake zame doki. A hawan Sallah za ku ga 'ya'yan sarki ƙanana an naɗa musu rawani suna bisa, amma ku duba da kyau, akwai mai riƙe da ragama a ƙasa, kuma ba su cikin masu jahi da gudu.

Mu dawo nan inda muke zaune. Doki bai taɓa jin daɗin ƙasar kurmi ba, saboda tsando da ciwon sammore. Daular Oyo, wadda ƙarfinta ya dogara ga mayaƙan doki a ƙarni na 17 da na 18, daga Arewa take sayo dawakinta, kuma yawancin masu kula da su mutanen Arewa ne, Hausawa da Nufawa da Barebari da sauransu, da yawa cikinsu bayi. Da Turawa suka zo, sai suka kawo irin nasu tseren. A Ikko, a 1859 Oba Dosunmu ya ba da filin da ya zama filin sukuwa, inda aka yi bikin 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, kafin a mayar da shi Dandalin Tafawa Ɓalewa a 1972. A Ibadan kuma, unguwar Sabo da aka kafa a 1916 tana maƙwabtaka da tsohon filin sukuwa na Adamasingba, wanda a kansa aka gina filin wasan da aka buɗe a 1988. Saboda haka sana'ar doki na cikin tsofaffin sana'o'in da suka zaunar da mutanenmu a Kudu.

Su Turawan Ingila, inda suka fi ba da ƙarfi shi ne nauyi. Tun bayan kafa ƙungiyar Jockey Club wajen 1750, masu dawaki suka gane cewa duk abin da aka rage wa doki a gadon baya, a ƙafafunsa ake ganin ribarsa. Sai aka shiga neman yara 'yan mitsi-mitsi. A 1844 wani doki mai suna Red Deer ya ci Kofin Chester ɗauke da nauyin laba 56 kacal, wato kamar kilo 25, har da sirdi, mahayinsa kuwa wani ɗan yaro ne da ake kira Kitchener. Wanda ya daidaita al'amarin shi ne Admiral Rous, wani tsohon hafsan jiragen ruwa da aka naɗa mai yanka wa dawaki nauyi a 1855. Shi ya tsara ma'aunin da ke faɗin nauyin da doki zai ɗauka gwargwadon shekarunsa da nisan tseren da kuma watan da ake ciki, kuma har yau da shi ake aiki bayan 'yan gyare-gyare. Ana auna mahayi da sirdinsa kafin tsere, a sake auna shi bayan an gama. In nauyinsa bai kai ba, sai a cika da dalma a cikin aljihunan mayafin da ke ƙarƙashin sirdi.

Masu wannan aiki suna lissafa cewa a tseren mil 1, laba 2 na iya jawo tazarar tsawon doki guda. To, ku ɗauki magidanci mai kilo 70 da yaro mai kilo 35. Bambancin ya kai laba 77, in aka bi wancan lissafi ya haura tsawon doki 30. Ashe kuwa koken manyan mahayanmu yana da tushe. A miƙaƙƙen gudu, in dawakin sun yi kusan ɗaya, yaro ne ke da riba.

Amma fa Turawan sun san akwai abin da sikeli ba ya aunawa, wato gwaninta. Babba ya san lokacin da zai riƙe doki da lokacin da zai sake shi, ya san yadda ake shan kwana ba a buɗe hanya ba, yana kuma da ƙarfin hannun da zai juya dokin da ya ɗauki linzami. Shi ya sa suka yi wa ɗan koyo rangwame idan zai kara da ƙwararru. A dokarsu ta yanzu ana rage masa laba 7 har sai ya ci tsere 20, sannan laba 5 har ya ci 50, sannan laba 3 har ya ci 95, daga nan rangwame ya ƙare, ya zama ɗaya da kowa. Shahararren mahayinsu Lester Piggott, wanda ya mutu a 2022, yana ɗan shekara 12 ya ci tserensa na farko a cikin manya a 1948, ya kuma ci babban tseren Derby a 1954 yana da 18. Duk da haka, yau a Ingila ba a ba ɗan koyo lasisin shiga tseren manya sai ya cika shekara 16. Yara kuwa an yi musu tasu ƙungiyar, Pony Club, tun 1929, inda ake raba su bisa shekaru, suna hawan ƙuru daidai tsawonsu.

Hanya ta uku ita ce ta 'yan ƙwallon dawaki, kuma ita ce ta fi kusa da mu. An kafa kulob ɗin Ikko a 1904, Kofin Georgian da ake bugawa a Kaduna kuma tun 1919 yake. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, bayan tafiyarsa Ingila a 1921, ya rungumi wasan ya sa 'ya'yansa da fadawansa a ciki, har ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai maki 7, matsayin da ya sa sunansa ya zagaya duniya. A wannan wasa ba a tambayar shekarunka. Kowane ɗan wasa ana yanka masa maki gwargwadon iyawarsa, daga 2 ƙasa da sifiri har zuwa 10. Sai a tara makin mutum huɗu na kowane ɓangare, ɓangaren da ya gaza a ba shi ƙwallaye tun kafin a fara. Da wannan dabara uba da ɗansa kan shiga fili ɗaya, kuma ba wanda zai ce an cuce shi.

Akwai kuma darasi mai ɗaci daga ƙasashen Larabawa na bakin Tekun Fasha. Da kuɗi suka yi yawa a tseren raƙuma, neman mahayi marar nauyi ya kai ga ana kwaso yara ƙanana daga Pakistan da Bangaladash da Sudan da Muritaniya, ana hana su cin abinci don kada su yi nauyi, wasu suka karye, wasu suka rasa rayukansu. A 2005 Ƙatar ta hana, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma ta kafa dokar hana duk wanda bai kai shekara 18 ba, aka mayar da yara sama da 1,000 ƙasashensu da taimakon UNICEF. Yanzu 'yar na'ura ake ɗaurawa a bayan raƙumi, mai shi na bin sa a mota yana sarrafa bulalar. Abin da Imamu Malik ya ji tsoro tun ƙarni 12 da suka wuce, ga shi ya faru a idon duniya.

To, me za mu ɗauka a cikin wannan duka? Matsalarmu ita ce ƙarancin dawaki. In doki 8 ne suka fito, aka ce sai an raba su aji huɗu, kowane aji ya tashi da doki biyu, armashi ya tafi. Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace da ƙarfinmu, shugabannin ƙungiya su duba.

Na farko, tseren gudu mai kyauta a bar wa baligai. Wannan ya dace da abin da malamanmu suka faɗa, ya kuma kashe gardamar nauyi tun daga tushe. Matashin da ya balaga amma bai goge ba, a ba shi 'yar tazara a gaba wajen tashi, kamar yadda ake yi wa ɗan koyo rangwame.

Na biyu, yara su sami nasu fage a rana ɗaya da fili ɗaya, kafin na manya. A gwada su a ɗaura sirdi, da zama, da juya doki tsakanin turaku, da tsayar da shi a kan layi, a kan dokin da aka san lafiyayye ne. Doki ɗaya na iya ɗaukar yara uku bi da bi, don haka ƙarancin dawaki ba zai hana ba. Hular kwano kuma ta zama dole, ko da a ƙarƙashin rawani ne.

Na uku, a raba dawakin su ma. Sau da yawa abin da ke ba mutane haushi shi ne ganin ingarman Alhaji, mai cin gero safe da yamma, a jere da ƙurun da ya wuni yana ɗaukar 'yan yawon shan iska. Ko wa aka ɗora a kansu, an san wanda zai ci. Ai a Madina ma ta nan aka fara rabon.

Na huɗu, kyauta ta fito daga aljihun ƙungiya ko na wani mai hali, kada a karɓi kuɗin mahaya a tara a ba wanda ya zo na ɗaya. A kuma sanar da ƙa'idoji tun kafin ranar, a masallaci da gidan Sarkin Hausawa, don kada a zo fili ana sa-in-sa a gaban baƙi da maƙwabtanmu.

Ku kuma manyan mahaya, ku tuna wani ne ya riƙe muku ragama kuna yara. In kun ga yaro mai sha'awa, ku ja shi barga, ku koya masa, domin don tuwon gobe ake wanke tukunya. Iyaye kuma a yi haƙuri, kada zumuɗin kyauta ya sa a ɗora yaro a kan dokin da ya fi ƙarfin hannunsa.

Allah ya kiyaye mana zuri'a, ya ƙara haɗa kanmu a wannan zama da muke yi, ya ba mu lafiya da zama lafiya da masu masaukinmu. Wassalam.