Shawarar jarirai: yadda uwaye za su gane jinjiri ya fara samun sauƙi

Tambayar da ta fi yawan zo mana a shirin lafiyar iyali ita ce: an ce jinjirina yana da shawara, ta yaya zan san tana tafiya? Mun tattaro abin da ma'aikatan lafiya ke dubawa, domin uwa da kaka da maigida su ma su iya sa ido a gida.

Shawara ita ce rawayar da ke fitowa a fata da farin idon jariri. Wani sinadari ne mai suna bilirubin ke kawo ta. Yana fitowa daga ƙwayoyin jinin da suka tsufa, hanta ce ke tace shi, ya fita cikin kashi. Hantar sabon haihuwa ba ta gama ƙwari ba, shi ya sa yake taruwa. Kusan jarirai 6 cikin 10 da suka cika wata tara suna yin ta a satin farko, bakwaini kuwa kusan 8 cikin 10. Galibi tana bayyana a kwana na 2 ko na 3, ta kai ƙarshen ƙarfinta tsakanin kwana 3 zuwa 5, sannan ta soma ja da baya. Kafin sati 2 ta ɓace, a bakwaini kuma takan kai sati 3.

Rawayar tana da hanyar da take bi. Daga fuska take farawa, ta sauko ƙirji, ciki, cinyoyi, har tafin ƙafa. In za ta tafi, sai ta koma ta inda ta biyo: ƙafafu su fara washewa, sannan ciki da ƙirji, fuska da ido su ne na ƙarshe. Don haka in jiki ya washe, farin ido kaɗai ya rage da ɗan rawaya, kada hankali ya tashi. Amma in jiya a fuska take, yau ta kai cibiya, to ƙaruwa take yi. In kuwa ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, a tafi likita a ranar.

A fatar ƴaƴanmu ba kullum rawaya ke fitowa fili ba. A fito da jinjiri bakin ƙofa da rana, inda haske yake, a danna goshinsa ko kan hancinsa da yatsa a hankali, a ɗaga, a dubi launin wurin. A duba farin ido da dasashi. Cikin ɗakin mai jego, wanda sau da yawa a rufe yake da labule, ko ƙarƙashin fitilar waya, ido yana yaudara. A riƙa dubawa lokaci ɗaya kowace rana, wuri ɗaya, mutum ɗaya.

A ganinmu tsumman jinjiri ya fi fatarsa faɗin gaskiya. Kashin farko baƙi ne mai danƙo. Zuwa kwana na 3 sai ya koma kore-kore, zuwa kwana na 4 ko na 5 ya zama rawaya mai ruwa-ruwa. Wannan canji albishir ne, domin ta nan bilirubin ke fita. Fitsari kuma, daga kwana na 5 ya kamata ya jiƙa tsumma aƙalla sau 6 a yini da dare, fari kamar ruwa. Jinjirin da ke samun sauƙi yana farkawa da kansa ya nemi nono, ya kama da ƙarfi, ya sha sau 8 zuwa 12 cikin awa 24. Jikinsa ba ya saki. A wurin awo za a ga nauyin da ya ragu a kwanakin farko yana dawowa, zuwa kwana 10 ko 14 ya koma nauyin haihuwa.

Nan ne ake yawan ruɗewa. Jinjirin da ke barci ba ya tashi, sai ka ji ana yabonsa, wai yaro ne mai haƙuri. Idan sai an yi ta girgiza shi kafin ya farka, ya kama nono ya saki, wannan ba sauƙi ba ne. Haka ma kuka mai tsini da ba a saba ji ba, banƙarewar wuya da baya, zazzaɓi ko jijjiga. Alamu ne cewa bilirubin na iya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa: kurumta, ko yaro ya kasa zama da tafiya. Kwanakin da shawara ke ƙarfi su ne kwanakin da gida ke hidimar suna, sai a ce a bari a wuce ranar bakwai. Kada a bari. Shawarar da ta fito tun cikin awa 24 na farko ita ma ba ta jira.

Akwai wata da ke daɗewa. In ta wuce sati 2, ko sati 3 ga bakwaini, a koma likita ko da yaro yana shan nono lafiya. Wani lokaci daga nono ne, ba ta da illa, ba a kuma yaye yaro saboda ita, amma likita ne zai tabbatar. Abin tsoro shi ne kashi fari kamar alli tare da fitsari mai duhu. Wannan na nuna hanyar matsarmama ta toshe, aikin tiyata ne, kuma ya fi nasara in an yi shi kafin yaro ya cika wata 2.

Jinjirin da aka kwantar ƙarƙashin shuɗiyar fitila, a Maternite Issaka Gazoby ta Yamai ko a cibiyoyin uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, nasa ya bambanta. Fitilar tana washe fata kafin jini ya gama tsabta, don haka gwajin jini ne kaɗai ke nuna an samu sauƙi. Kashi mai ruwa, kore, a lokacin ba abin damuwa ba ne. Bayan an kashe fitila bilirubin yakan ɗan sake hawa, shi ya sa ake cewa a dawo a sake gwaji. A dawo ɗin.

Shanya jinjiri a rana ba magani ba ne, da zafin nan namu ƙuna da ƙishirwa zai jawo. Ruwan sukari, jiƙo da bauri suna cika masa ciki ne kawai ya rage shan nono. A kuma fitar da kafur daga cikin kayan jariri, kada a shafa masa lalle: yara da yawa a yankinmu, musamman maza, ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, kuma waɗannan abubuwa na fasa musu ƙwayoyin jini, shawarar da ta soma tafiya ta dawo da ƙarfi. Uwar da ɗanta na baya ya yi shawara mai tsanani, ko wadda jininta rukunin O ne ko resus negatif, ta faɗa wa unguwar zoma tun wurin awon ciki, a rubuta cikin karne.