Daga Aikin Diga zuwa Kwangilar Rance: Gina Layin Dogo a Kano

Gwamnatin mulkin mallaka ce da kanta ta gina layin dogon da ya taso daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya iso Kano a 1911, bisa tsarin da Gwamna Percy Girouard ya zaɓa, wato ma'aikatar ayyuka ta riƙe aikin kai tsaye ba tare da ɗan kwangila ba, injiniyoyinta su auna hanya, sarakuna da hakimai kuma su tara ma'aikata gari-gari. Talakawa sun san shi da aikin diga, sunan da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya dawwamar a Waƙar Diga. Turawa sun yi alfahari da arahar aikin, amma arahar ta fito ne daga gumin manoman da aka raba da gonakinsu ba da son ransu ba, suna sarar ƙasa da diga, suna jidarta a kwando a ka, suna karɓar lada da tsabar kuɗin Bature wanda kuma da shi ake neman su biya haraji.

Bayan fiye da ƙarni guda, a 2016, gwamnatin Gwamnan Kano Abdullahi Umar Ganduje ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 1.85 da kamfanonin rukunin CRCC na ƙasar Sin domin gina hanyar jirgin ƙasa na cikin gari mai layi huɗu. Tsarin ya saɓa wa na farko ta kowace fuska, domin kamfani ne zai zana taswirar aiki, ya sayo kaya, ya gina, ya miƙa shi a kammale, mafi yawan kuɗin kuma rance ne daga bankin ƙasar da kamfanin ya fito. Fa'idarsa ita ce alhaki na wuyan kamfani guda, aibinsa kuwa shi ne gwamnatin da ba ta da ƙwararrun da za su tantance farashi tana sayen abin da ba ta iya aunawa, da bashin dala, alhali fasinja da naira zai biya. Dattawan Kano da dama sun ƙi amincewa da rancen, kuma har wa'adin gwamnatin ya ƙare a 2023 ba a shimfiɗa layin ba. Damuwarsu tana da tushe, ganin cewa jirgin cikin gari na Abuja, wanda kamfanin CCECC ya gina da rance aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020 bai koma aiki ba sai 2024.

A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, inda Titin Zariya ke cushewa da adaidaita sahu safe da yamma, abin da ya tabbata maimakon jirgin shi ne gadar Dangi, wadda aka bayar da kwangilarta ta hanyar da aka saba, kuma duk amfaninta, motoci ta sauƙaƙa wa wucewa, mai neman abin hawa yana nan tsaye a bakin titi.