DAGA RUWAN KANWA ZUWA KAFSO: TARIHIN MAGANIN ƘWANNAFI

A wannan karon ina neman afuwarku, zan ɗan jingine labarin soyayya in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato ƙwannafi, da kuma kafson da na shafe shekara shida ina haɗiya saboda shi.

Ni dai na taso na tarar idan ƙirjin wani ya ɗau zafi a gidanmu, kakarmu kan jiƙa 'yar kanwa a kofi ta miƙa masa, ya kurɓa ya yi gyatsa biyu, shi ke nan. Da na girma na shiga harkar rubutu sai na ɗauki wata muguwar ɗabi'a, in ci tuwo da yaji wajen ƙarfe goma na dare, in hau rubutu da kofin shayi mai kauri, barci na ɗaukata in kife a inda nake. Ba a jima ba ruwan tsami ya fara taso mini har maƙogwaro. Yaron kemis ɗin unguwarmu ya ce, "Hajiya ai olsa ce, ga omefirazol, kullum guda kafin ki karya." Na sha na ji garau, na ci gaba da sha. Duk ranar da na ce bari in daina, kwana uku ba na kaiwa sai ƙirjina ya kama da wuta fiye da da, sai in ce ashe cutar tana nan, in koma. Wata likita ce ta fara ce mini mai yiwuwa rabin wutar nan maganin ne ya haifar da ita. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na bi sawun tarihin abin.

Labarin ya soma ne da harbin bindiga. A watan Yunin 1822, a tsibirin Mackinac da ke Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta samu wani saurayi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin a gefen ciki. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa bai sa ran zai tashi ba, sai ga shi ya rayu, amma raunin ya warke ya bar wata kafa da ta zarce har cikin tumbi. Beaumont ya ga banza ta faɗi. Ya riƙa ɗaure nama ko burodi da zaren siliki yana zurawa ta kafar, bayan wani lokaci ya zaro ya duba yadda ya narke. Gwaji 238 ya yi a jikin bawan Allahn nan, ya buga littafinsa a 1833. A tsakanin nan ne, a 1823, wani Bature ɗan Ingila William Prout ya tabbatar da cewa ruwan da ke narkar da abinci a tumbi asid ne mai ƙarfi, wanda ake kira haidirokulorik. Ni a matsayina na mai rubuta labari abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshen St. Martin. Ya rayu har 1880, ya riga ya binne likitan nasa da shekara 27, kuma da ya mutu iyalansa sai da suka bari gawar ta fara lalacewa sannan suka rufe ta, don kada likitoci su sake zuwa neman cikinsa.

Tunda aka gane asid ne, sai aka shiga neman abin da zai kashe masa kaifi: soda, alli, maganeshiya. Kanwar kakarmu ma dangin soda ce, aikinsu ɗaya, sai dai gishirinta ya yi yawa ga mai hawan jini. A 1915 wani likita a Shikago, Bertram Sippy, ya fito da tsarin bai wa mai gyambon ciki madara da kirim duk bayan awa guda, ana haɗa masa da garin soda. An bi tsarin nan shekaru da dama, har aka lura yana lalata wa wasu ƙoda. Ina jin daga can muka gaji shan madara da sunan maganin olsa, alhali sanyin nata na ɗan lokaci ne, daga baya ma ƙara tunzura tumbi take yi. Wanda madara ba ta yi masa ba sai wuƙa, a yanke jijiyar da ke umartar tumbi ya zubo asid, ko a yanke wani sashe na tumbin.

Sai a 1976 aka samu ƙwayar da ke rage asid ɗin tun daga tushe. Sunanta simetidin, aka sayar da ita da sunan Tagamet, kuma aikin James Black ne da abokan aikinsa a kamfanin Smith Kline & French, bayan sun shafe shekara 12 suna nema. Black ya samu lambar Nobel a 1988. A 1981 kamfanin Glaxo ya fito da ranitidin da sunan Zantac, wanda kafin ƙarshen shekarun 1980 babu maganin da ya kai shi kasuwa a duniya. Sannan a 1988 kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ya fito da omefirazol da sunan Losec. Shi wannan ƙananan famfunan da ke jikin bangon tumbi masu fitar da asid yake toshewa gaba ɗaya, shi ya sa ya shafe na gabansa.

To amma fa ana cikin wannan ciniki, can a birnin Perth na Ostireliya wasu likitoci biyu suna shirin ɓata wa kamfanoni lissafi. Robin Warren ya daɗe yana ganin wata ƙwayar cuta mai lanƙwasa a naman tumbin marasa lafiya, a lokacin da kowa ya yarda babu abin da zai rayu cikin asid. Shi da Barry Marshall suka yi ta ƙoƙarin shuka ta a ɗakin gwaji ta ƙi, sai a hutun Ista na 1982 aka bar faranti ya yi kwanaki ba a zubar ba, aka dawo aka tarar ta tsiro. Da manyan likitoci suka ƙi yarda, a 1984 Marshall ya ɗaga ruwan ƙwayar ya shanye, cikin kwanaki ya fara amai, aka leƙa tumbinsa aka ga ya kumbura. Ita ce Helikobakta, kuma ita ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, tare da magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen. Sun samu Nobel a 2005.

Nan ne gizo ke saƙar. Gyambon da ake ɗauka na har abada ne ya koma cutar da ake kashewa cikin mako biyu da magungunan ƙwayoyin cuta. Ƙwannafi kuwa daban yake da gyambo, duk da mu nan komai olsa muke ce masa. Shi matsalar ƙofa ce. Akwai wani zoben nama a inda maƙogwaro ya haɗu da tumbi, idan ya saki sai asid ya yi sama. Kafso ba ya gyara ƙofar, zafin abin da ke tasowa kawai yake ragewa. Saboda haka a ganina da kasuwar gyambo ta ja baya, sai maganin ya samu sabon gida a wurin masu ƙwannafi, waɗanda ba su da ranar gamawa. A 2003 Amurka ta yarda a sayar da omefirazol ba tare da takardar likita ba, amma da sharaɗin kwana 14, kuma kada a maimaita sai bayan wata huɗu. Ni kwana 14 ɗina ne ya zama shekara shida.

Amsar tambayata na same ta a wani bincike da aka buga daga ƙasar Denmak a 2009. An ɗauki mutum 120 lafiyayyu, waɗanda ba su da ƙwannafi. Rabi aka ba su esomefirazol, ƙanen omefirazol, na mako takwas sannan aka musanya musu da ƙwayar da babu komai a ciki ba su sani ba. Ɗaya rabin tun farko ƙwayar banza ake ba su. Bayan an tsayar da maganin, kashi 44 cikin ɗari na rukunin farko suka yi kukan ƙwannafi ko tasowar tsami ko ɓacin ciki, a ɗaya rukunin kuwa kashi 15. Dalili shi ne idan aka toshe asid, jiki kan ƙara fitar da wani sinadari mai suna gastirin yana ta matsa wa tumbi lamba, ranar da aka cire toshiyar sai asid ya ɓalle fiye da ƙima, na tsawon makonni kafin ya lafa. Wallahi da na karanta sai na ji kamar ni aka yi wa gwajin.

Ba ina cewa maganin guba ba ne. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2010 kan karayar ƙashi, a 2011 kan raguwar sinadarin maganeshiyam a jini, a 2012 kuma kan wata muguwar gudawa, ga masu daɗewa a kansa. Amma wani babban gwaji da aka buga a 2019, mai mutum sama da 17,000 da aka bi shekara uku, bai ga wata illa a fili ba in ban da ɗan ƙarin cututtukan hanji. Ranitidin ne ma aka ba da umarnin kwashe shi daga kasuwar Amurka a Afrilun 2020, saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a cikinsa mai iya jawo kansa. Kuma akwai waɗanda dainawa haɗari ce gare su: wanda gyambonsa ya taɓa zubar da jini, da wanda asid ya riga ya ƙona masa maƙogwaro sosai ko ya canja masa fatar ciki, da tsofaffin da ke kan asfirin ko maganin ciwon gaɓɓai kullum. Wanda kuma abinci ke tsaya masa a wuya, ko yake ramewa ba dalili, ko yake aman jini ko baƙin bayan gida, asibiti zai nufa a leƙa cikinsa.

Ni likitar sai da ta sa aka gwada ni Helikobakta, bayan na yi mako biyu ba kafso don kada ya ɓoye ta. Makonnin nan na sha wuya. Da aka ga babu, sai ta mai da ni kan rabin abin da nake sha na wata guda, daga nan ranar sha ranar hutu. Ta ce, "Hajiya, mako biyun farko za ki ji kamar ki dawo, ki daure." Ta ba ni famotidin na dare, da Gaviscon bayan abinci, wanda ke yin kumfa ya zauna a saman abin da aka ci. Na sa kafinta ya ɗaga kan gadona da katako kamar taƙi guda, domin tara matasai lanƙwasa mutum kawai yake yi. Na koma kwanciya ta gefen hagu, tuwon dare ya dawo bayan magariba, tsakaninsa da barci awa uku, na kuma rage ƙiba kaɗan. Shayin rubutu shi ya fi ba ni wahalar bari, har yau ban iya rubuta shafi biyar ba kofi a gefe, sai dai yanzu da hantsi nake yi.

Wata uku abin ya ɗauke ni. Azumin da ya biyo baya ne na fi jin tsoro, saboda cin sahur a koma a kwanta, sai na riƙa zama ina gyaran rubutu har gari ya waye. Katin kafso guda yana nan cikin jakata, ranar biki idan na yi wa waina da miyar taushe ɓarna nakan sha na kwana biyu ko uku in ajiye.